Littafi na Goma Ya Tafi da Soya

Ban san mutumin da ya zana littattafan nan ba, ban kuma san ko yana raye ba. Amma in yana da uwa, ina so a samu mai gaya mata abin da ɗanta ya yi a gidana. Saura ƙiris 'yata ta fari ta maimaita aji saboda shi, yarinyar da tun da ta shiga lekol, wato makarantar boko, ba a taɓa kira na a kanta ba.

Mijina mai soya ne, wato gasasshen nama irin tsire. Teburinsa na bakin babban titi a nan unguwar Birik, daidai inda na mahaifinsa ya tsaya. Shi ke sammako zuwa mayankar Etudi ya ɗauko nama, ni kuma takarda ce aikina. Akwai wani dattijo da ke bin ofisoshi da gidajen masu tashi yana tara tsofaffin takardu, ya kawo mana a kwali. Sai in shimfiɗa tabarma in zauna tsinta. Wadda na ga rubutun Larabci a jikinta in ɗora ta saman sif, ba a naɗe nama da irinta. Mai sheƙi in jefar, ba ta shan mai, yaji zamewa yake yi a kanta. Sauran in ninka, in bi da wuƙa, kowane shafi ya rabu biyu, in ɗaure su da tsumma dami-dami. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na tsaya, amma takardar da ta ratsa hannuna ta fi ta wani akawun.

A cikin irin wannan kwali littattafan suka zo, shekarar da yarinyar take aji huɗu. Dattijon ya ce daga wani gida a unguwar Cité Verte ya kwaso su. Guda goma ne, manya, masu bango mai tauri, kowanne da lambarsa a gefe. Ciki duk zane ne gida-gida, mutanen suna magana a cikin wasu kumfa da ke fitowa daga bakinsu. Na shafa takardar na ji ta yi, ga kauri ga rashin sheƙi. Bangon kuma na ce zai yi wa maigida fifitar wuta. Har na ɗauki wuƙa, sai ga yarinya ta faɗo a kansu.

"Mama, bede ne! Don Allah kar ki yanka."

"Mene ne kuma bede?"

"Labari ne da hoto. Wata a ajinmu tana da guda ɗaya, ko taɓawa ba ta bari mu yi."

Babanta na alwala a bakin rariya, ya ce, "Bar mata mana, maman yara. Faransanci ne za ta sha a ɓagas." Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, sai Asabar da Lahadi, bayan an taso daga Islamiyya. Shi ke nan ta kwashe su ta kai ɗaki, tana tafe tana nishi don nauyi.

Ni Faransancina na kasuwa ne, in yi ciniki, in gaya wa mai taksi inda za ni. Rubutun cikin kumfar nan ba na iya binsa. Amma ina da ido. In ta tafi lekol, na samu ƙanwarta ta yi barci, sai in jawo ɗaya in buɗe, don ba zan bar abu ya kwana ɗaki ɗaya da 'yata ban san cikinsa ba.

A na farko duniya ce ta ƙone. Sama ja kamar garwashi, itatuwa ba ganye ko ɗaya. Ga wani ƙaton jirgi a tsaye kamar tankar mai da aka kafa da gindi, ana shigar da yara ciki a layi. A cikinsu akwai wata mai gajeren gashi, sa'ar 'yata. Uwarta na tsaye a bayan wani gilashi, ta naɗe hannu, da ɗan tabo a girarta ta hagu. Ba kuka, ba komai. Na juya shafi ina jiran in ga ta ɗauki dutse ta fasa gilashin nan. Sai na ga hayaƙi, jirgi ya tashi. Na juya baya na sake dubawa ko na tsallake wani shafi. Ban tsallake ba.

Daga nan kuma sai shirme iri-iri. Mutane cike da jirgi, babu wanda na ga ya rusuna ya gaida babba. Abincinsu a cikin wani abu yake kamar man goge baki, kowa ya matsa a bakinsa a tsaye, kuma wai sun ci. Littafi tara na bi shafi-shafi ban ga tukunya ba, ban ga mai wanke hannu ba, ban ga shanya ba, alhali kayan jikinsu farare ne fat. Wa ke wanke su? Matan kuma kayan sun manne musu kamar fatar tarwaɗa. Rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa, taga kullum baƙi ƙirin, ban san yadda mutum zai gane azahar ta yi ba. Akwai wani kore mai hannu huɗu, na sa masa ido tun daga na uku har na tara, ban ga ya ɗauki ko tsintsiya ba. A ba ni hannu huɗu a gidan nan a ga aiki. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wani ƙarfe mai kai kamar buta, shi ke ɗaukar jarirai. A gaba yake riƙe su, nesa da jikinsa, kamar mai kai shara. Wanda ya zana wannan bai taɓa ganin goyo ba.

Duk wannan da zan iya haƙuri. Amma kowane littafi na buɗe, matar nan mai tabo a gira nake nema. Babu ita. Yarinya tana can tana faɗa da wasu ƙwari masu girman saniya, tana tuƙa ƙaramin jirgi, ana tafa mata, uwa kuwa an bar ta a shafi na bakwai na littafin farko kamar tsohon takalmi. Na goma ne kaɗai ban gani ba, ta ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, ban gano wurin ba sai daga baya.

Sai yarinyar ta fara canzawa. Da in ta dawo lekol jaka take jefarwa ta fice wasa, yanzu sai ta zo ta tsuguna kusa da murhu tana kallona. In jirgi ya wuce a sama ta bar abin da take yi ta bi shi da ido har ya ɓace. Wata ranar ina tsince shinkafa, Inna, wato uwar mijina, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa, yarinyar ta ce:

"Mama, in aka ce in tafi wani wuri mai nisa, me za ki ce?"

Dole in yi bayani a nan, don na ga yaran yanzu wasu ba su san abin ba. A gidanmu ɗan fari ba a nuna shi. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta jawo shi jiki a gaban mutane, balle a gaban suruka. Kunya ce, haka uwata ta yi wa yayana, haka na tarar. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan yarinyar nan ba. "Ke" nake ce mata, ko "'yar Inna", don a baki ta kakarta ce. Ƙanwarta kuwa in kira ta sau ashirin a wuni, in ɗora ta a cinya, babu mai cewa komai.

To, da Inna a zaune, me zan ce? Na ce, "Sai in ce Allah ya kiyaye hanya, mu huta da cin tuwonki."

Inna ta yi dariya. Yarinyar ma ta ɗan yi murmushi, ta tashi ta shiga ɗaki. A raina kuwa cewa na yi, ga shi nan, sun fara koya mata sha'awar tafiya ta bar ni.

Takardar sakamakon zango na biyu ta zo da takwas cikin ashirin. Ita da ba ta taɓa sauka ƙasa da sha biyar ba. Babanta ya ce zazzaɓin da ta yi ne. Zazzaɓin kwana biyu! Da aka shiga zango na uku madam ɗinsu, malamar ajin, ta aiko in zo. 'Yar kudu ce, mai kirki, da ta ga Faransancin yana gudu ya bar ni sai ta rage sauri, tana haɗawa da hannu. Ta buɗe mini kayen lissafi, littafin da yarinyar ke aiki a ciki. Lamba dai na san lamba. Ta nuna mini da bakin biro: nan yarinyar ta rubuta amsa daidai, ta soke, ta rubuta wata a gefe wadda ba ita ba. Shafi na gaba haka, na gabansa haka.

"Madam, kanta ne ya rikice?"

Ta ce ita ma ba ta gane ba. Ta tambayi yarinyar, ta ƙi faɗa. Abin da ta sani kawai, saura sati biyu jarrabawar ƙarshen shekara, in haka ta yi, za ta sake aji huɗu.

Tun daga lekol har gida ƙafata ba ta san ƙasa ba. Na ce ƙwarin nan da koren mutumin nan sun shiga kan 'yata sun dagula, har ta ga daidai ta kasa riƙewa. Na gaya wa babanta, ya ce, "Littafi kuma? Ke komai sai kin ɗora wa ranki." Inna ta ce a karɓo rubutu. An karɓo, ta sha. Kaye bai canza ba.

Ranar wata Laraba da safe, bayan ta fita, na ɗaga katifa zan kaɗe, sai ga na goma. Sabo fil ya fi sauran, alamar ba a cika buɗe shi ba. Ko leƙawa ban yi ba. Na ɓalle bangon, na tsinke zaren, na ninka na bi da wuƙa. Na cakuɗa shi cikin takardun wani ofishi yadda ba zai nuna ba, na ɗaure. Babanta ya dawo daga Etudi, ya gama yankan nama, ya saɓi damin ya tafi, bai san me ke ciki ba. Na jawo sauran taran tsakar gida, na ce yau sai na ga bayansu. Ƙanwarta ta tashi da kuka, na ba ta nono, na ɗora girki, na dawo na zauna. Na manta sam ranar Laraba da tsakar rana ake tashinsu. Ina riƙe da na farko, wuƙa a hannu, ta yi sallama.

Ba ta yi ihu ba. Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsuguna ta ƙirga su da yatsa, ta kalli bangon da na jingina da bango, ta shiga ɗaki ta fito.

"Mama, ina cikin na goma?"

"Yana teburin babanki."

"Ban karanta shi ba fa."

"Gara haka. Taran da kika karanta me suka ƙara miki? Kin ga daidai ki soke, kin ga kuskure ki rubuta. Kanki suka cinye!"

"Kaina lafiya lau. Ni nake sokewa. Da gangan."

Na ajiye wuƙar.

Sai ta gaya mini abin da ke cikin kumfar da ban iya karantawa ba. Yaran da ake shigarwa jirgi ba haka kawai ake ɗibarsu ba. Jarrabawa ake yi a lekol, waɗanda suka fi kowa ci su ake ɗauka. Marasa ƙoƙari a bar su gida da iyayensu.

"Ke, wannan ai zane ne. Wane jirgi ne zai sauka a Birik? A ina ma zai samu wuri?"

"Na san ba jirgi, Mama, ni ba jaririya ba ce. Amma madam ta ce masu ƙoƙari ana kai su lekol ɗin kwana, daga can a kai su ƙasar waje. 'Yar gidan mai ɗinki ba ita ke zuwa ta ɗaya ba? Tun ina ƙarama ta tafi. Mamanta a waya kawai take ganinta."

Gaskiya ta faɗa. Matar tana zuwa gidanmu da wayar a hannu tana nuna mana hoton 'yar cikin rigar sanyi.

Ta ce ta ajiye na goma ne tana tsoron buɗewa. Ta yi niyya ranar Asabar ɗin nan ta karanta. In yarinyar cikin littafin ta dawo wajen uwarta, to za ta rubuta daidai a jarrabawa. In ba ta dawo ba, za ta ci gaba da sokewa.

Ku ji fa. Karatun 'yata na shekara guda yana rataye a jikin takardar da na aika a naɗe nama da ita.

Na goya ƙaramar, na yafa gyale, na fita ko takalmin kirki ban sa ba. Ni ba na zuwa teburin maigida, wurin maza ne. Da ya hango ni sai da wuƙa ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

"Lafiya? Inna ce?"

"Inna ƙalau. Malam, ba ni damin takardar nan."

"Wanne? Ai na fara ciki tun ɗazu." Ya ɗaga wani rabin shafi ya duba. "Kai! Ashe koren mutumin nan ne. Shi ya sa wani ɗan moto ya kafe babur ɗinsa ya tsaya yana karanta takardar namansa har ya huce."

Mai kilishi na kusa da shi ya ce, "Hajiya, in akwai saura a kawo mana, mu ma masu sayenmu su yi ilimi."

Ban kula su ba. Na durƙusa a gefen titi, motoci na watso ruwan sama da ya kwanta, na zazzage damin ina tsame masu zane daga cikin na ofis. Har kwandon shara na duba, na samu guda uku da aka ci aka yar, mai da yaji sun ratsa su har ana ganin zanen baya ta gaba. Maigida ya daina dariya da ya ga fuskata. Ya tsuguna ya taya ni.

Washegari da ta dawo lekol muka baje su a tabarma. Ita tana bin lambar shafi, amma lambar a rabin ƙasa kawai take, rabin sama ba shi da komai. Nan aikina ya zo. Yadda ake haɗa atamfa fure ya sadu da fure, haka na yi ta yi: ga ƙafa a nan, ina gangar jikinta, ga wutsiyar hayaƙi, ina ya taso. Muka liƙa da ƙullin rogo. Wuni biyu muka yi. Guda goma sha ɗaya ba su dawo ba, sun tafi cikin unguwa.

Ta fara karantawa a hankali, ni ina bin zanen ta kafaɗarta. Jirgi ya juyo. Duniya ta yi kore, an yi ruwa. Na ce alhamdulillahi, mutumin nan ashe yana da sauran imani. Yarinyar ta sauko, ta ɗan ƙara tsawo kaɗan, gashin nan dai gajere. Ta shiga wani gida. Rabin shafin sama babu shi. A rabin ƙasa ga wata tsohuwa tukuf a kujera, an lulluɓe mata ƙafa da bargo, ido ya yi fari.

"Wannan kakarta ce?" in ji 'yata.

Ni na riga na ga girar hagu. Na ce a raina ko Allah zai sa ta wuce. Amma rubutun yana nan a ƙasa, kuma ta iya karatu. Ta bi shi da yatsa, ta tsaya, ta sake bi.

"Mama, wai a cikin jirgi shekara uku aka yi, a duniya kuma sittin. Mamanta ce. Ba ta gane ta ba."

Wallahi da mutumin nan yana gabana da sai an raba mu. Littafi goma! Ka ɗauki yaro ka ja shi littafi goma, ya bi ka da zuciya ɗaya, ka kai shi ƙarshe ka nuna masa uwa makauniya ba ta san 'yarta ba. Kuma a ce na yara ne, har da bango mai kala. Ni da na durƙusa a titi, na sa hannu a shara, na ɓata ƙullin rogona, ashe wuƙa nake haɗa wa 'yata. Da na bar shi ya tafi da nama duka da ya fi.

Na ce, "Ƙarya yake yi. Shekara shekara ce ko a ina. Kuma wannan ba uwa ba ce, tun farko na gani. Uwa ce za a ɗauki 'yarta ta naɗe hannu?"

Inna ta tafi unguwar Nkomkana barka, mu kaɗai ne a gidan. Yarinyar ba ta ɗago ba, tana ta murza gefen takardar.

"Ai ke ma haka za ki yi."

"Ni?"

"Kin ce Allah ya kiyaye hanya. Ko sunana ba kya faɗa. Na ƙanwata kike faɗa."

Na buɗe baki in ce ai kunya ce, ai haka ake yi, ai ke ce ta fari. Na ga duk ta san wannan, an sha gaya mata. Sanin bai hana ta ƙirga sau nawa na kira ƙanwarta ba. Na so in faɗi sunan a lokacin, ba kowa, daga ni sai ita. Ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Shekara tara ban faɗa ba, harshena bai san hanyarsa ba. Na tashi na ce shinkafa za ta kama.

Kwanakin da suka rage ban ji daɗin komai ba. Babanta ya zaunar da ita ya rantse mata ba mai kai ta ko'ina sai da yardarsa. Ta ce to. Irin "to" ɗin da na san ba ta shiga ba, don ba shi take tambaya ba.

Ranar da za a fara jarrabawa na ce ni zan raka ta. Inna ta ce, "Yau kuma? Hanyar ce ta ɓace mata?" Na ce zan biya kasuwa ne. Muka tafi, tana gaba ina baya. Ƙofar lekol cike, 'yan moto na sauke yara, masu fanke da wake sun jera, ga matan unguwarmu uku sun rako nasu ƙanana. Ta ce, "Sai na dawo," ta shige cikin yara. Ina kallon bayan kanta, kitson da na yi mata jiya, tana nisa. Ta kusa kwanar aji.

Na kira sunanta.

Ba ta juyo ba. Ta ji, na ga kafaɗarta ta motsa, amma ta duba wajen ƙawayenta, don ba ta san sunan da muryata ba. Sai na sake, da ƙarfi, yadda har mai gadin ƙofa ya waiwayo. Ta juyo ta tsaya, jaka a hannu.

Na ce, "Ki rubuta abin da kika sani, kar ki soke ko ɗaya! Duk wanda ya zo ɗaukar ki, da jirgi ko da mota, sai ya bi ta kaina. Ina nan wurin nan har ki fito."

Matan unguwarmu suka kalli juna. Ɗaya ta sa gyale ta rufe baki. Yarinyar ta tsaya tana kallona har wani malami ya kora su ciki. Na samu dakali kusa da mai fanke na zauna. Kwana uku aka yi ana jarrabawar, kwana uku ina dakalin nan da goyo, har mai fanken ta fara ba ni riƙon cokali in ta je canji.

Labari ya riga ni isa gida tun ranar farko. Inna na ƙofar ɗakinta, ba ta amsa sannuna ba sai da na maimaita.

"Mun ji an yi shela a ƙofar lekol. Sai mu jira a sa a rediyo."

Na durƙusa na ce ta yi haƙuri. Ta ce ita a zamaninsu ko ɗan fari ya faɗa wuta sai dai ka ce wa wani ya ɗauke shi. Na ce haka ne, Inna. Ban ce na daina ba. Sati guda tana amsa mini magana da hanci.

Takarda ta fito da sha ɗaya cikin ashirin a jimlar shekara, don takwas ɗin can ta ja ta ƙasa. Ta wuce aji biyar. Madam ta nuna mini takardar lissafinta, babu sokewa ko ɗaya daga sama har ƙasa. Da ta ji labarin daga bakin yarinyar, sai ta ce wai ko zan ba aji aron littattafan, yara su ƙaru da karatu. Na tattaro duk Faransancin da nake da shi na ce mata a'a. Na ce akwai yara sittin a ajin nan, ban san nawa ne 'yan fari ba.